Albasar da Za Ta Dublin

Ranar Juma'a da la'asar, ƙarfe huɗu da rabi ta ɗan gota, wayar ofis ta ɗauki ƙara a ma'aikatar shirya kayan lambu da ke kan hanyar kudancin tafkin Naivasha a ƙasar Kenya, kuma babu wanda ke kusa da ita sai Nasimiyu. Madam Nyambura, mai kamfanin, ta tafi jana'izar kawunta a wani ƙauye can bayan Nyeri. Bwana Kamotho, mai duba ingancin kaya, yana zagayen gonaki tun safe. Sakatariya kuwa ciwon haƙori ya hana ta zama, ta tashi tun azahar.

Nasimiyu ba ma'aikaciyar ofis ba ce. Shekara goma sha ɗaya ta yi a tsaye a kan layi, da hular raga a kai da takalmin roba a ƙafa, tana yanke saiwar albasa tana jera koren wake a faranti, kafin Madam ta lura da natsuwarta ta ba ta ɗakin sitika. Wata uku ke nan. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin ofis, na'ura ɗaya da kujera ɗaya, amma duk ledar da za ta hau jirgi sai an manna mata takardar da ta fito daga nan: sunan kaya, nauyinsa, ƙasar da aka noma shi, da ranar da ya kamata a cinye shi. Matar da za ta ɗauki ledar a babban kanti a London ba ta ganin gona, ba ta ganin masu wankewa, wannan 'yar takardar kawai take karantawa.

Sau takwas wayar ta yi ƙara. Nasimiyu ta goge hannunta a jikin farar rigarta ta ɗauka.

Namiji ne, ya ce sunansa Hegarty, daga Dublin yake kira. Ta san sunan. Shi ne sabon mai sayen da Madam ta yi wata biyar tana lallaɓawa, kuma gobe ne kayansa na farko za su tashi, albasa mai lawashi ɗauri dubu uku. Sai dai Turancinsa bai yi kama da ko ɗaya da ta taɓa ji ba. Na mutanen London ta hanci yake fitowa, ta saba da shi. Na wannan kuwa gudu yake yi, yana hawa yana sauka kamar mai rera waƙa a coci, ga layin kuma yana ta shuu kamar ana suya.

Ya tambayi Madam, ta ce ba ta nan. Ya ce ba komai, saƙo biyu ne kawai. Na farko, yana so a ƙara masa kayan.

"Su zama nawa, Yallaɓai?"

"Tree tousand, tree hundred."

Nasimiyu ta tsayar da biro a sama. Tree dai itace ne, tun tana aji ɗaya ta san haka.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, mu ba ma sayar da itace. Kayan miya kawai muke yi."

Mutumin ya fashe da dariya har da tari. Da ya lafa ya ce ta saurara, ya fara ƙidaya a hankali kamar mai koya wa yaro: one, two, tree. Sai a nan ta gane. Uku yake nufi, harshensa ne ba ya fitowa tsakanin haƙora kamar yadda malamansu suka koya musu. Dubu uku da ɗari uku. Kunya ta kama ta, amma jin yadda yake dariya babu raini a ciki ya sa ita ma ta yi murmushi.

"Saƙo na biyu ya fi muhimmanci," in ji shi. "Na ga samfurin sitikar da kuka aiko, kun sa salad onions irin na London. A nan babu matar da ke kiranta haka. In ta ga wannan sunan za ta ɗauka wani sabon abu ne mai tsada ta wuce. Ku sa scallions."

"Mu sa me, Yallaɓai?"

Ya maimaita. Ba ta taɓa jin kalmar ba. Ta roƙe shi ya faɗa mata harafi-harafi. Na farko da na biyu sun fita lafiya. Da ya zo na uku sai ya ce "aa". A makarantarsu ta Bungoma, "ey" ake kiran harafin farko, "aa" kuwa kusan R ne. Ta rubuta duka biyun a gefe, ta duba, ta ga da R kalmar ba ma za ta furtu ba.

"Yallaɓai, wanda ake fara karatu da shi? Na farkonsu duka?"

"Shi, 'yar kirki, shi!"

Ya ce yanzu zai turo komai a rubuce ta fakis, na'urar aika takarda ta layin waya, ofishinsu kuma ba ya buɗewa sai Litinin. Ya yi mata fatan alheri ya kashe. Bayan minti goma na'urar fakis ta yi kuka ta turo takarda. Sunan kantin ya fito a sama raɗau, amma daga nan zuwa ƙasa baƙin zane ne kawai, kamar an ja gawayi a jiƙaƙƙen bango. Wayar ofis kuwa akwai ɗan kwaɗo a jikinta, tana karɓar kira ba ta fitarwa, makullin yana jakar Madam. Nasimiyu ta ninke 'yar takardar da ta yi rubutu a kai ta sa a aljihu, ta je ta gaya wa Akoth a ƙara ɗauri ɗari uku a tumɓukar safe.

Akoth ce shugabar layin albasa. Doguwar mace ce daga Homa Bay, muryarta ta fi injin ɗakin sanyi ƙara, kuma tare suka shigo aikin nan da Nasimiyu a mako guda. Washegari Asabar, tun shida da rabi, ta leƙo ɗakin sitika ta tarar da Nasimiyu ta rubuta kalmar a na'ura tana kallonta, ba ta danna ba. Ta kira ta da sunan ɗanta, kamar yadda kowa yake yi.

"Maman Barasa, addu'a kike yi mata ko me? Mata arba'in suna jiranki."

"Dokar Bwana Kamotho ce, ba a buga komai sai da takarda."

"Bwana Kamotho sai goma zai shigo, mota kuma ƙarfe biyu take tashi. Shi zai manna dubu uku da hannunsa? Kin ji mutumin da kunnenki ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"To danna mana! Ai Turawan nan ba su taɓa shirya bakinsu ba. Yalo ɗaya sunansa uku. Na London aubergine, na kantin Indiyawa a Nairobi brinjal, baƙon nan na Amurka da ya zo bara kuma ya ce eggplant, wai shukar ƙwai. Na ce ya nuna min kazar."

Nasimiyu ta danna. Na'urar ta fara tofar da sitika, fari da kore, da sabon sunan a tsakiya da manyan baƙaƙe.

Aiki ya kankama. A can ƙarshen rumfa ana wanke albasar a ruwan sanyi, ana ɓare busasshen ɓawo, ana daidaita tsawon lawashi da wuƙa. Ƙwaya takwas a ɗaure da shuɗiyar roba, a ɗora a sikeli, a zura a leda, a manna sitika, ashirin-ashirin a kwali, a tura ɗakin sanyi. Zuwa ƙarfe goma an gama dubu biyu da ɗari takwas.

A lokacin ne Bwana Kamotho ya shigo. Siririn mutum ne mai tabarau, ya yi shekara biyu a wata kwalejin noma a Ingila, kuma Turancinsa yana fitowa a goge kamar rigarsa. Ya wanke hannu, ya sa hula, ya zaro leda ɗaya daga kwali kamar yadda yake yi kullum. Ya duba roba, ya duba saiwa, ya juya ledar. Sai ya tsaya cak.

"A tsayar da layi."

Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji. Ya sa aka kira Nasimiyu.

"Maman Barasa, mene ne wannan?"

Ta ba shi labari tun daga farko, ta nuna masa 'yar takardarta da baƙar takardar fakis. Ya saurara yana gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar da ba yarda ba ce.

"Shekara biyu ina shiga kantunan Ingila," in ji shi. "Salad onions na gani, spring onions na gani. Wannan ban taɓa gani a jikin leda ba."

"Yallaɓai, ai Dublin ba Ingila ba ce."

"Turanci dai Turanci ne."

Ya shiga ofis ya fito da ɗan ƙamus ɗinsa mai jan bango, wanda ya sha salatif. Ya lashi yatsa ya buɗe. Kalmar tana ciki, kuma zuciyar Nasimiyu ta yi tsalle da ta gan ta, har haruffan daidai. Amma a gabanta kalma ɗaya ce tak: shallot. Bwana Kamotho ya janyo littafin masu sayar da iri ya nuna mata hoton. Wasu 'yan jajayen albasa ne ƙanana masu kai, busassu, babu lawashi ko ɗaya.

"Kin gani? Ɗayan biyu ne. Ko mutumin wannan yake so, mu kuma ba ma nomanta, ko kuma kin ji wani abu dabam a layi marar kyau. Ko wanne ne, abin da ke cikin ledar ba shi ne a jikin ledar ba. Kin san abin da suke yi wa irin wannan kayan? Ba sa ma buɗewa. Kuma, ki yi haƙuri, Maman Barasa, ke da har yau in kin ce peas ƙudan zuma muke ji, bees, ke ce za ki canza sunan kaya da kunne?"

Maganar ta soke ta. Gaskiya ne, mutanen garinsu ba sa raba P da B, an sha yi mata tsiya a kai tana dariya. Amma yau ba tsiya ba ce, a gaban mata arba'in. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Akoth ta ajiye wuƙa. "Bwana Kamotho, ni kuma shekaranjiya da direba ya makara na ji wani yana ihu a kawo rori a kawo rori. Na ce ikon Allah, lorin ma an canza mata suna?"

Matan suka duƙar da kai, kafaɗu suna rawa. Bwana Kamotho ya gyara tabarau. Shi ma ya san in ransa ya ɓaci L da R ɗinsa na gida sukan dawo su yi musanya.

"Akoth, ba lokacin wasa ba ne," in ji shi, amma muryarsa ta sauka. Ba mugun mutum ba ne. Kowa ya san a wani kamfanin da ya yi aiki a da, mai saye ya taɓa ƙin karɓar tan biyu na wake saboda kwanan wata ɗaya da aka buga ba daidai ba, kuma shi aka sallama. Tun daga nan sitika ta zama masa abin tsoro.

Ya duba agogo ya yanke hukunci. Ƙarfe sha biyu za a fito da kwalayen, a farke ledojin, a sake zurawa, a manna tsohon suna. Akoth ta ce sababbin ledojin da suka rage ba su kai dubu biyu ba, kuma albasar da ta fita sanyi ta koma sau biyu lawashinta langaɓewa yake yi. Ya ce ya sani. Gara a aika rabi da suna mai kyau da a aika duka a zubar.

Nasimiyu ta koma ɗakinta ta zauna. Ta hango Madam ranar Litinin, ta hango kanta ta koma layi, in ma an bar ta a layin. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ita kanta ta fara shakka. Ta sake jiyo muryar mutumin a kanta, amma yanzu duk ta cakuɗe da shuu ɗin layin. Anya ba shallot ɗin ya ce ba?

Ta tagar ɗakin tana jin Akoth tana ba matan labarin itacen jiya don ta sassauta musu, tana kwaikwayon muryar da ba ta ma ji ba. "Tree tousand! Wallahi kamar Sista Breda ta asibitin mishan in tana ba ka magani. Ki sha tree times a rana, 'yata, tree times!"

Nasimiyu ta miƙe tsaye. Haka ne. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da ƙyanda ta kama ɗanta Barasa, ta ji wannan "tree" ɗin daga bakin tsohuwar Baturiyar nan, da irin hawa da saukar muryar. Ta fita da sauri ta sami Bwana Kamotho a bakin ɗakin sanyi.

"Yallaɓai, Sista Breda 'yar wace ƙasa ce?"

Ya ɗan yi tunani. "Ayalan, ina ji."

"Dublin fa a ina take?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Can ɗin dai," ya ce.

"Ka ba ni zuwa sha biyu," ta ce.

"In kika je kika faɗa mata kalmar, za ta ce i don ta kwantar miki da hankali. Halinsu ne."

"Ba zan faɗa ba. Albasar zan kai mata tsirararta, babu leda babu sitika. Ita za ta faɗa, kuma ta rubuta da hannunta."

Ya sake duban agogo. Sha ɗaya saura kwata. Ya zaro ɗauri ɗaya daga kan tebur ya miƙa mata da kansa.

"Sha biyu, Maman Barasa. Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Asibitin mishan kilomita bakwai ne daga ma'aikatar, kuma ranar Asabar motocin haya ba sa tashi sai sun cika maƙil. Ta ari keken maigadi, wani baƙin ƙarfe mai tsayi da ya fi ƙarfin ƙafarta. Rabonta da keke tun tana budurwa a Bungoma, tana kai masara niƙa. Ta soke albasar a aljihun farar rigarta, lawashin ya leƙo waje yana kaɗawa, ta tattare siket ta hau. Mita ɗarin farko keken ya yi ta yawo da ita daga wannan gefen titi zuwa wancan, maigadi yana riƙe da kai. Daga nan ƙafafun suka tuna. Ta wuce rumfunan furanni, ta kauce wa ramuka, ta wuce amalanken jaki mai ɗauke da durom na ruwa. Mai jakin ya ɗaga mata hannu yana ihu, "Likita, a hankali!"

Ranar awon jarirai ce. Mata sun cika baranda, kowace da goyo da kati a hannu. Nasimiyu ta jingine keken tana haki, ta ratsa su tana ba da haƙuri. Da suka ga farar riga da hular raga sai suka ɗauka ma'aikaciyar asibiti ce, suka ba ta hanya.

Sista Breda tana zaune a bayan tebur, 'yar ƙaramar tsohuwa mai farin gashi, ta shekara arba'in a Kenya. Swahili take yi da kowa, amma da waƙar garinsu a ciki. Ta ɗago ta dubi Nasimiyu daga hula har takalmi.

"Wa ya yanke a ma'aikatar? Ina yake?"

"Babu wanda ya yanke, Sista."

"To wa ke naƙuda?"

"Babu, Sista." Nasimiyu ta zaro albasar ta ajiye a kan tebur, a gefen sikelin jarirai. "Don Allah, me kuke kiran wannan?"

Tsohuwar ta dubi albasar, ta dubi matar da ke tsaye tana zufa, ta faɗi sunanta da Swahili a hankali, kamar mai gwada ko zazzaɓi ya taɓa wa mutum kai.

"A'a, Sista, ba na nan ba. Na gida. Yadda mahaifiyarki take kiranta."

Sista Breda ta ɗauki ɗaurin. Ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsu ta kai hanci, ta ɗan lumshe ido.

"Scallions," ta ce. "Me kuma za a kira ta?"

Nasimiyu ta laluba benci ta zauna, ta rufe fuska da tafin hannu, dariya da hawaye suka zo mata tare. Wata mai goyo ta miƙo mata ruwa a kofi. Da ta samu numfashi ta ba Sista labarin a gurguje, har da ƙamus mai jan bango da hoton jajayen albasa.

"Ƙamus!" in ji tsohuwar. "Mutanen Ingila ne suka rubuta shi, 'yata, ba su tambaye mu ba. Mu a gida dankali ake dafawa a kirɓa, a tafasa wannan a madara a zuba, a yi rami a tsakiya a sa man shanu. Mu tara ne a gidanmu, kowa da cokalinsa, ana faɗa a kan ramin. In kika je kasuwar garinmu kika ce salad onions, sai a tambaye ki 'yar gidan wa ce ke da wannan iyayi."

Ta janyo takardar rubuta magani ta rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. Nasimiyu ta fito da tata takardar ta jera su. Harafi tara, babu wanda ya kauce. A ƙasa Sista ta ƙara layi biyu: "Bwana Kamotho, wannan shi ne sunanta a ƙasarmu. Shekarata saba'in da uku ina cinta." Ta sa hannu, ta buga hatimin asibiti.

"Albasar kuma ta zama tawa," ta ce, ta jefa ta a aljihun tebur. "Kuɗin ganin likita ke nan. Tashi ki tafi, kin tsayar min da layi."

Komawar ta fi zuwan wuya, domin akwai hawa, amma Nasimiyu ba ta ji ba. Sha biyu saura minti bakwai ta shigo ƙofa. Bwana Kamotho yana tsaye a wajen rumfa, ba a ciki ba, da alama ya daɗe a wurin. A bayansa an jera almakasai a kan tebur, ba a taɓa ko ɗaya ba. Ta miƙa masa takardar tana haki.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya fitar da wata doguwar iska.

"Ba ki faɗa mata ba?"

"Ban faɗa ba, Yallaɓai."

Ya juya ga rumfa. "Akoth! A kwashe almakasan nan. A ci gaba, saura ɗari biyar."

Guɗa ta tashi daga ƙarshen layi, wata ta buga faranti da wuƙa. Akoth ta zo ta rungumi Nasimiyu har ta ɗaga ta daga ƙasa, tana cewa daga yau sai dai a kira ta Maman Dublin. Bwana Kamotho ya ninke takardar asibitin ya sa a cikin ƙamus ɗinsa. Kafin ya shiga ofis ya tsaya kusa da Nasimiyu, yana kallon wani wuri dabam.

"Maganar da na yi ɗazu a gaban mutane, ba ta dace ba."

"Ya wuce, Yallaɓai."

"A shekara biyun nan ban taɓa tsallakawa Ayalan ba," in ji shi. "Jirgin ruwa ne, ni kuma ruwa ba ya yi da ni."

Biyu saura minti goma aka rufe ƙofar motar sanyi, kwali ɗari da sittin da biyar. Nasimiyu ta tsaya har motar ta hau kwalta ta miƙi hanyar Nairobi. Sai a lokacin ta ji cinyoyinta sun yi tsami, ta tuna ko shayi ba ta sha ba tun safe. Suka zauna da Akoth a kan kwandunan da aka kife a bayan rumfa, da kwanon masara da wake a tsakaninsu. Mai shayi ta kawo kofi biyu da fanke huɗu, irin wanda suke kira mandazi, ta ce Bwana Kamotho ne ya ce a kawo. Akoth ta ɗaga mandazi ɗaya tana juya shi a rana.

"Shekara shida ina aiki da mutumin nan, yau na fara ganin abin hannunsa. Gobe ma ki sake jin wata kalmar."

"Rufa min asiri," in ji Nasimiyu. "Ko an ba ni keken kyauta ba na sake hawa."

Ranar Lahadi a coci hankalinta ya ɗan riƙa tafiya. Sista dai ta bar gida shekara arba'in, wa ya sani ko suna ya canza a bayanta? Amma tunanin bai zauna ba, ya zo ya wuce, ta bi waƙa da sauran mata.

Litinin da hantsi Madam Nyambura ta dawo, har yanzu da baƙin ɗankwalin makoki. An sa sabuwar takarda a fakis, kuma saƙon Hegarty ya fito tsaf: kaya sun iso lafiya, suna kan kanta tun safe, mako mai zuwa yana son dubu biyar. Madam ta karanta a tsaye, ta saurari Bwana Kamotho, wanda ya ba da labarin yadda ya faru bai rage nasa ba. Sannan ta sa aka kira Nasimiyu.

"An ce kin hau keke."

"Na hau, Madam."

"Da wannan siket ɗin?" Madam ta girgiza kai, bakinta yana son yin dariya tana hana shi. "Kin yi daidai. Amma kada ki sake buga min suna babu takarda, ko da shugaban ƙasa ne ya kira. Kin ji?"

"Na ji, Madam."

"Je ki lissafa ledar da za mu buƙata, ki kawo min kafin azahar."

Nasimiyu ta koma ɗakinta ta ja kujera. Tawadar na'urar ta kusa ƙarewa, ta buɗe murfin tana canzawa. Ba ta gama ba Akoth ta buga taga da gwiwar hannu, hannayenta duka biyu a jiƙe.

"Maman Barasa! Waken London yana kan sikeli tun ɗazu. Ina sitikarmu?"

"Ga ta nan zuwa," in ji Nasimiyu, ta rufe murfin.